Yadda ake ɗora rumbun bayanan SQL Server a kan sabobi biyu masu karɓar juna

Duk wanda ya taɓa riƙe rumbun bayanan asibiti, ko na ƙaramin banki, ko na ofishin biyan albashi, ya san yadda waya ke ruri idan saba ta tsaya. Layi ya taru a gaban kanta, ma'aikaci na cewa "netwok babu", alhali netwok lafiyarsa lau, kwamfutar da ke riƙe da bayanan ce ta mutu. Saba ɗaya komai tsadarta tana da ranarta: ko na'urar da ke ba ta wuta ta ƙone, ko Windows ta nemi a sake kunna ta bayan sabuntawa. Wanda ya yi wa shugabanninsa alkawarin kashi 99.99 cikin ɗari na aiki ba yankewa, minti 52 da 'yan daƙiƙoƙi kacal ya bar wa kansa a shekara guda. Gyaran saba ɗaya tak ya isa ya cinye su.

Abin da za mu gina shi ne gungun sabobi biyu da ke amsa suna ɗaya, adireshin IP ɗaya, suna kuma kallon faifai ɗaya. Microsoft na kiran tsarin Failover Cluster Instance, a taƙaice FCI, yana kuma zaune ne a kan Windows Server Failover Clustering. Misalan nan na Windows Server 2022 ne da SQL Server 2022, amma matakan kusan ɗaya ne tun daga 2016.

Ka fara sanin abin da kake ginawa

A kowane lokaci saba ɗaya ce ke gudanar da SQL Server. Ɗayar tana kunne, tana sauraren 'yar'uwarta. Idan mai aikin ta faɗi, mai jiran ta karɓi abubuwa huɗu: faifan, adireshin, sunan, sannan ta tayar da SQL Server a kanta. Masu amfani za su ga haɗinsu ya yanke. Duk ma'amalar da aka riga aka tabbatar tana nan, wadda ba a kammala ba za a warware ta kamar ba a fara ba. Yawanci abin yakan ɗauki daga daƙiƙoƙi zuwa 'yan mintuna, gwargwadon yawan aikin da ya rage a kundin ma'amala, wato fayil ɗin da SQL Server ke rubuta kowane sauyi a ciki.

Wannan ya bambanta da Availability Groups, inda kowace saba ke da nata kwafin bayanan. A FCI kwafi ɗaya ne. Amfaninsa shi ne asusun shiga da ayyukan SQL Server Agent, mai gudanar da ayyukan da aka tsara wa lokaci, duk suna tafiya tare, domin rumbunan master da msdb da ke ajiye su, su ma a faifan tarayyar suke, kuma bugun Standard mai sauƙin kuɗi ya yarda da sabobi biyu. Illarsa kuma a fili take: idan ma'ajiyar tarayyar ta lalace, sabobin biyu za su zauna lafiya lau ba su da abin karantawa. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Kayan aiki da sunaye

Kana buƙatar sabobi biyu iri ɗaya, masu Windows ɗaya da sabuntawa ɗaya, duka a cikin domen ɗin Active Directory guda, wato tsarin Windows da ke riƙe da asusun ma'aikata da na kwamfutoci a wuri ɗaya. FCI ba ya yiwuwa ba tare da domen ba, kuma ba a ɗora shi a kan sabar da ita ce ke riƙe da domen ɗin. Sai ma'ajiyar SAN, wato akwatin faifai na daban da sabobin ke tarayya a kansa, mai haɗin iSCSI ko Fibre Channel, wadda ta iya SCSI-3 Persistent Reservation, domin da shi ne saba ɗaya ke kulle faifai ta hana ɗayar taɓawa.

Kafin ka taɓa komai, rubuta sunaye da adireshi a takarda. Ga waɗanda zan yi amfani da su: SQL-A a 10.10.1.11, SQL-B a 10.10.1.12, sunan gungun GUNGU01 a 10.10.1.20, sunan da manhajoji za su riƙa kira RUMBU01 a 10.10.1.21. Mutane da yawa kan rikita na uku da na huɗu. GUNGU01 na mai kula da tsarin ne kawai, babu manhajar da za ta taɓa kiransa.

Idan sabobin na cikin Hyper-V ne ko VMware, manhajojin da ke ɗora sabobi da yawa a kan kwamfuta guda, ka kafa dokar da za ta hana su zama a kan ƙarfe ɗaya. In ba haka ba, ranar da ƙarfen ya mutu, tare za su tafi.

Wuta da waya

A nan nake so ka daɗe, domin a wurarenmu wuta ta fi kashe gungu a kan lalacewar saba. Na taɓa shiga ɗakin sabobi na tarar da komai bibbiyu, saba biyu, suwicin netwok biyu, SAN mai kawuna biyu, amma duk wayoyin sun ƙare a UPS guda. Ranar da aka ɗauke wuta, janareto ya yi jinkirin tashi, batirin UPS ɗin kuma ya riga ya gaji, komai ya mutu a lokaci ɗaya. Kuɗin da aka kashe a kan saba ta biyu bai amfana musu komai ba a wannan rana.

Ka bi kowace waya da hannunka. Kowace saba tana da na'urorin wuta biyu, ɗaya ta tafi UPS na farko, ɗaya na biyu. Haka SAN, haka suwici. Ka auna mintunan da kowane UPS ke iya riƙe kayan a zahiri, ka kwatanta da lokacin da janareto ke ɗauka kafin ya kama, musamman da dare idan mai gadi ne zai tayar. Na'urar sanyaya ɗaki ma tana cikin lissafin. A watan Afrilu, ɗakin sabobi da ba sanyi ba ya daɗewa kafin kayan su fara kashe kansu saboda zafi.

A ɓangaren netwok, ka raba hanyoyi iri uku: ta jama'a a 10.10.1.0, ta bugun zuciya, wato saƙon "ina raye" da sabobin ke aika wa juna, a 10.10.2.0, sai ta iSCSI guda biyu a 10.10.3.0 da 10.10.4.0, kowace ta bi ta nata suwici. Agogon sabobin ya zama daga domen yake ɗaukar lokaci, domin Kerberos, tsarin tantance masu shiga domen, ba ya yafe saɓanin da ya wuce minti 5.

Haɗa faifai

A kan SAN, yanka faifai uku: ƙarami na 1 GB domin shaida, mai raba gardama tsakanin sabobin da za mu yi bayaninta a gaba, babba domin bayanai, matsakaici domin kundin ma'amala. Ka ba sabobin biyu izinin ganinsu. Sannan a kan kowace saba, buɗe PowerShell da ikon mai gudanarwa:

Install-WindowsFeature Multipath-IO
Set-Service msiscsi -StartupType Automatic
Start-Service msiscsi

Sake kunna sabar, sannan:

Enable-MSDSMAutomaticClaim -BusType iSCSI
New-IscsiTargetPortal -TargetPortalAddress 10.10.3.5
New-IscsiTargetPortal -TargetPortalAddress 10.10.4.5

Ka haɗa ta kowace hanya da Connect-IscsiTarget, kana sa -IsPersistent $true da -IsMultipathEnabled $true. Idan ka buɗe Disk Management ka ga kowane faifai ya fito sau biyu, MPIO, wato Multipath-IO da ka girka domin ya haɗa hanyoyin biyu, bai kama ba, kada ka ci gaba sai ka gyara. Idan kamfanin da ya ƙera SAN ɗin yana da tasa manhajar sarrafa hanyoyi, umarninsa ya fi nawa.

A kan SQL-A kaɗai za ka kunna faifan, ka tsara su da NTFS. Na bayanai da na kundi ka ba su girman yanki na 64 KB:

Format-Volume -DriveLetter S -FileSystem NTFS -AllocationUnitSize 65536

Ni nakan ba shaida harafin Q, bayanai S, kundi L. A kan SQL-B kada ka kunna su, ya isa ka tabbatar tana ganinsu.

Tantancewa da kafa gungu

A kan sabobin biyu:

Install-WindowsFeature Failover-Clustering -IncludeManagementTools

Sannan daga ɗaya:

Test-Cluster -Node SQL-A,SQL-B

Zai fitar da rahoto mai tsawo. Karanta shi duka. Ja na nufin dakata, kuma Microsoft ba ta tallafa wa gungun da bai ci wannan jarrabawa ba. Ruwan ɗorawa gargaɗi ne, wani lokaci ba komai, wani lokaci kuma yana gaya maka direban katin netwok na SQL-A ya bambanta da na SQL-B, abin da zai dame ka nan gaba. Yanzu ne lokacin gwajin faifai cikakke, domin gwajin yana sauke faifan daga aiki, kuma ba za ka so yin haka ba bayan bayanan mutane sun hau.

New-Cluster -Name GUNGU01 -Node SQL-A,SQL-B -StaticAddress 10.10.1.20 -NoStorage
Get-ClusterAvailableDisk | Add-ClusterDisk

Shiga Failover Cluster Manager, ka sauya wa faifai da hanyoyin netwok suna zuwa abin da mutum zai gane da ƙarfe uku na dare. Hanyar jama'a ta ɗauki zirga-zirgar gungu da ta masu amfani, ta bugun zuciya ta ɗauki ta gungu kawai, hanyoyin iSCSI kuma a hana gungu bi ta kansu.

Shaida, da dalilin da ya sa ba a wasa da ita

Ka ɗauka wayar da ke tsakanin sabobin ta yanke, amma kowace tana raye. SQL-A za ta zaci SQL-B ta mutu, SQL-B ma ta zaci haka. Idan kowace ta ce ita ce mai ragama, an samu sarki biyu a gari ɗaya, kuma rubutu biyu a kan faifai ɗaya shi ne hanya mafi sauri ta lalata rumbun bayanai. Maganin da Windows ta tanada shi ne ƙuri'a. Kowace saba na da ƙuri'a ɗaya, shaida na da ta uku, ɓangaren da ya samu biyu cikin uku shi ke ci gaba, ɗayan ya janye da kansa.

Idan babu shaida, Windows kan cire ƙuri'ar ɗaya daga cikin sabobin domin adadin ya zama mara. Muddin mai riƙe da ƙuri'ar ce ta mutu kwatsam, gungun gaba ɗaya ya tsaya, ga lafiyayyar saba a zaune ba ta da ikon karɓa.

Shaida iri uku ce. Akwai faifai, akwai babban fayil, wato folda, da aka raba a wata saba ta uku, akwai kuma ta Azure wadda ta zo da Windows Server 2016. Tunda muna da SAN, faifai ya fi dacewa, domin yana ajiye kwafin saitunan gungun a cikinsa:

Set-ClusterQuorum -DiskWitness "Shaida"

Wannan idan "Shaida" ka raɗa wa ƙaramin faifan. Ta Azure tana da kyau ga masu rassa a garuruwa biyu, amma tana dogara da intanet. Inda layin fiba kan yanke duk lokacin da ake aikin titi, zan yi tunani sau da yawa kafin in jingina ƙuri'ar da za ta raba gardama a kansa. Idan kuma fayil ka zaɓa, kada ka ajiye shi a kan ɗaya daga cikin sabobin gungun.

Izinin da ke tsayar da mutane

Lokacin da ka kafa gungu, an ƙirƙiri asusun kwamfuta mai suna GUNGU01 a Active Directory. Wannan asusun, ba naka ba, shi ne zai ƙirƙiri RUMBU01. Idan ba shi da izinin Create Computer objects a sashen da yake zaune, girkin SQL Server zai tafi har kusan ƙarshe sannan sunan ya ƙi tashi, ka ga lamba 1194 a kundin aukuwa. Ka je wurin mai kula da domen tun yanzu. Ko ya ba GUNGU01 izinin, ko ya ƙirƙiri RUMBU01 da hannunsa ya ba GUNGU01 cikakken iko a kansa.

A wannan tafiyar ka karɓo asusun da SQL Server da Agent za su yi aiki da su. Asusun gMSA ya fi, domin domen ne ke sauya kalmar sirrinsa da kansa, kuma FCI ya karɓe shi tun daga SQL Server 2016.

Girka SQL Server

A kan SQL-A, tabbatar faifan S da L suna hannunta, ka buɗe setup.exe, ka zaɓi New SQL Server failover cluster installation. Kada ka zaɓi girkin saba guda da niyyar mayar da shi gungu daga baya, babu wannan hanyar. Zaɓi Database Engine Services, rubuta RUMBU01 a wurin sunan netwok, zaɓi faifan biyu, cire alamar DHCP ka rubuta 10.10.1.21. Sa asusun da ka karɓo, ka kuma sa alama a kan Perform Volume Maintenance Task domin fayilolin bayanai su riƙa girma da sauri. Bayanai su tafi S, kundi ya tafi L.

Batun tempdb, rumbun da SQL Server ke ajiye aikin wucin gadi a ciki, yana da ɗan tarko. Tun daga SQL Server 2012 an yarda a ajiye shi a faifan cikin saba, kuma idan kana da SSD mai sauri hakan na sauke wa SAN nauyi. Sharaɗin shi ne hanyar fayil ɗin ta kasance iri ɗaya a kan sabobin biyu, harafi da suna, kuma asusun SQL Server na da izinin rubutu a can. Wanda ya manta ya ƙirƙire ta a SQL-B ba zai ga matsala ba sai ranar karɓar ragama, lokacin da SQL Server zai ƙi tashi.

Idan an gama, koma SQL-B, buɗe setup.exe, zaɓi Add node to a SQL Server failover cluster. Wannan gajere ne. Bayan nan ka ɗora sabuntawar CU, wato tarin gyare-gyaren SQL Server da Microsoft ke fitarwa, iri ɗaya a kan duka biyun, ka buɗe ƙofar TCP 1433 a katangar tsaron kowace, ka kuma saita max server memory yadda Windows za ta samu abin numfashi.

Daga yau akwai ƙa'ida: ba a tsayar da SQL Server ko kunna shi daga services.msc. Za ka ga an bar shi a Manual, haka ya kamata, gungu ne ke da ikonsa. Tsayarwa daga Failover Cluster Manager ake yi, sauya asusu kuma daga SQL Server Configuration Manager.

Masu manhaja su rubuta RUMBU01 a saitin haɗinsu, ba SQL-A ba. Ka nemi su nuna maka da idonka. Ka kuma tambaye su abin da manhajar ke yi idan haɗi ya yanke: tana sake gwadawa bayan 'yan daƙiƙoƙi, ko sai an rufe an buɗe?

Gwaji

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ware yini guda kafin bayanan gaske su hau, ka riƙe agogo da takarda. Buɗe taga a wata kwamfuta da ke rubuta layi ɗaya a tebur kowace daƙiƙa, domin giɓin da ke tsakanin layukan shi ne ainihin lokacin da masu amfani za su rasa. Wannan tambayar kuma tana gaya maka sabar da ke riƙe da ragama:

SELECT SERVERPROPERTY('ComputerNamePhysicalNetBIOS')

Fara da mai sauƙi, miƙa ragama da gangan:

Move-ClusterGroup -Name "SQL Server (MSSQLSERVER)" -Node SQL-B

Mayar da ita. Sannan kashe sqlservr.exe daga Task Manager. Za ka ga gungu ya fara gwada tayar da shi a kan sabar da yake, sai ya sake faɗuwa ne yake ƙaura. Bayan nan zare wayar iSCSI ɗaya, bai kamata kowa ya ji komai ba. Zare ta jama'a. Sauke faifan shaida ka ga gungu ya ci gaba. A ƙarshe zare wayoyin wutar sabar da ke aiki, duka biyu, ba tare da sallama ba. Sabobin na aika wa juna bugun zuciya kowace daƙiƙa ta ƙofar UDP 3343, kuma daga Windows Server 2016 sai an rasa goma a jere ake yanke hukuncin cewa ɗaya ta tafi. Saboda haka daƙiƙa goma na farko na jira ne, sauran na ɗaukar faifai ne da farfaɗo da rumbuna.

Akwai abin da kan firgita mai gwaji. A saitin asali, gungu mai saba biyu sau ɗaya kawai yake yarda ya ƙaura da kansa cikin awa 6. Idan ka jawo faɗuwa ta biyu, sai ya bar SQL Server a kwance, ka zaci ka ɓata wani abu. Ɗaga adadin a shafin Failover na rukunin SQL Server, cikin Failover Cluster Manager, lokacin gwaji, ka mayar idan ka gama. A wannan shafin ka bar Prevent failback yadda yake. Sabar da ta faɗi da tsakar rana ba ta cancanci a mayar mata da ragama da zarar ta farfaɗo ba, sai an san abin da ya kayar da ita.

Idan farfaɗowa na ɗaukar lokaci, duba dogayen ma'amaloli da kuma kundin da ya girma da ƙananan ƙari har ya rarrabu gida dubbai. Daga SQL Server 2019 akwai Accelerated Database Recovery, wanda ke rage lokacin warware ma'amalar da ba ta kammala ba ƙwarai. Gwada shi a kan kwafi kafin ka kunna.

Abin da gungu ba ya yi

Mu koma kan kwafi ɗayan nan. Idan ma'aikaci ya goge tebur bisa kuskure, ko manhajar masu neman kuɗin fansa ta kulle fayiloli, ko SAN ta ƙone, SQL-B za ta ga abin da SQL-A ta gani ne daidai. Kwafin ajiya ne kaɗai zai fitar da kai. Cikakke kowane dare, na kundin ma'amala kowane minti 15 ko ƙasa da haka gwargwadon abin da za ku iya jure rasawa, a ajiye su a wajen SAN, wani kuma a wajen ginin. Sau ɗaya a wata ka dawo da ɗaya a kan wata saba, ka gudanar da DBCC CHECKDB a kansa domin duba lafiyar bayanan.

Sabuntawa kuwa a nan ne za ka ci moriyar wahalarka. Sabunta mai jira, sake kunna ta, miƙa mata ragama a lokacin da ba cunkoso, duba komai na tafiya, sannan ka sabunta ɗayar. Yankewar da da take cin awa ta koma ta miƙa ragama kaɗai.

Abu na ƙarshe shi ne ƙararrawa. Gungu mai kyau kan karɓi ragama cikin dare ba wanda ya sani, a wayi gari ana aiki, a yi makonni a kan ƙafa ɗaya har ita ma ta karye. Ka sa manhajar sa-idonka ta turo saƙo zuwa wayarka idan ta ga lamba 1135, wato an cire saba daga gungu, ko 1069, wato wani sashe ya faɗi, ko 1177, wato an rasa rinjaye. Idan saƙon ya shigo, kafin ka sake kunna komai, ɗauki bayanin awa ɗaya da ta wuce daga sabobin biyu:

Get-ClusterLog -UseLocalTime -TimeSpan 60 -Destination C:\Rahoto

Ka nemo daƙiƙar da bugun zuciya ya tsaya, ka kwatanta ta da kundin UPS da na suwici na wannan lokacin.